Zirin Shinkafar da Aka Bar Mini a Gulma

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ku Kaduna lafiya, kai da iyalinka Luba, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sauke ku a hannun mutanen kirki. Amin.

Kai ne ɗan fari. Ka san ba na kama sunanka, kuma tunda ka yi wayo ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ido da ido ba. To, abin da baki ya kasa ɗauka, bari alƙalami ya ɗauka. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, da gemuna na koye shi.

Wata safiyar Lahadi, a shekarar da Turawa suka sauke tutarsu, na tsaya a kan gaɓa a fadamar Gulma, rana ba ta gama fitowa ba. Gonar kakanka Baba Arzika, mahaifin innarka, ita ce a gabana. An yanke shinkafar kaf, an ɗaure dami-dami an jingine. Sai ziri ɗaya tak a tsakiyar gonar, faɗinsa bai wuce taku huɗu ba, ya miƙe daga wannan gefe har wancan, yana nan tsaye. Da yake babu sauran shinkafa a tsaye a wurin, tsuntsayen fadama duk a kansa suka sauka. A can cikin zirin ga wata mace a duƙe, da goyo a bayanta, laka har ƙwauri, tana yanka da lauje tana waige-waige kamar mai sata. Innarka ce. Zirin kuwa nawa ne.

Abin da ya sa na tono wannan yau, innarka ta gaya mini ka aiko ta roƙar maka sandunan golf ɗina da ke rataye a zaure. Ka ce manyan ma'aikatarku a Kaduna suna bugawa, kuma an gaya maka a fili ake sanin mutum. Ba ƙarya aka yi maka ba. Amma shekaranjiya ina zaune ina gyaran igiyar guga, na gan ka a tsakar gida da karan dawa a hannu kana gwada bugun golf, Luba na tsaye da ƙwaryar fura. Sau biyu ta yi maka magana. Ka ce mata "ina zuwa," ko kai ba ka ɗago ba. Ta ajiye ƙwaryar a gindin turmi, ta rufe da faifai, ta koma ɗaki. Na san wannan "ina zuwa" ɗin sarai. Ni na haife ta kafin in haife ka.

Ka san ni mai gyaran filin golf ne a bayan barikin Turawa a nan Birnin Kebbi, amma ba ka san yadda abin yake a lokacin ba. Ramuka tara ne da ake buga ƙwallo ta faɗa ciki, kuma ciyawa ba ta zama mana. Saboda haka a kewayen kowane rami sai a zuba yashin gulbi da aka tankaɗe, a cuɗa shi da baƙin man mota don kada iska ta kwashe, a ja buhu a kai har ya kwanta sumul. Aikina ke nan kullum, safe da la'asar. Shekara huɗu ina jan buhu ban taɓa sanda ba, amma idona yana karatu. Na san wanda ke ɗaga kai da wuri, na san wanda fushi ke shiga wa hannu. Rannan wani Bature ya rasa abokin wasa, ya miƙo mini sanda don raha. Ƙwallon ta tashi ta sauka inda na nufa. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini jakarsa da sanduna bakwai, da takalmin kambas fari.

Sai ga mulkin kai. 'Yan ƙasa suka hau kujerun ofis, suka gaji gidajen bariki, suka gaji filin. Suna son su buga, ba su iya ba, kuma duk garin ba wanda ya iya sai mai jan buhu. Ka ga mutum da babbar riga da alƙalami a aljihu, wanda in na gamu da shi a hanya sai na rusuna, ga shi yana ce mini "Malam Garba." Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba a lokacin! In ce masa, "Ranka ya daɗe, gyara ƙafar hagu," ya gyara. Ɗana, ba ƙwallon ce ta kama ni ba. Wannan "Malam Garba" ɗin ne ya shige mini kai kamar hayaƙi.

Kuskurena na farko ƙarami ne, har ina jin nauyin rubuta shi. Rariyar tankaɗen yashi ta fili ta yage. Na dawo gida, na ga rariyar innarka a rataye, sabuwa, cikin kayan ɗakinta da uwarta ta sayo mata a kasuwar Argungu. Na ɗauka ban tambaya ba. Bayan kwana uku na maido ta baƙa ƙirin. Ta wanke da toka, ta shanya, ta sake wankewa, amma tuwon ranar warin gareji yake yi. Da na ga fuskarta sai na ce, "Haba, rariya ce fa kawai." Ta mayar da ita ta rataye. Ashe wata biyu tana aron rariya ta kan zana a wurin Rifkatu, matar maƙwabcinmu Bulus makanike, mutumin ƙasar Jos, wanda shi ne ma yake ba ni baƙin man. Amarya da kayan ɗakinta, tana aro.

To ka kiyaye. Wasa ba ya fara cin gida da babban abu. Da ɗan abin da za ka ce masa "kawai" yake farawa: rariya kawai, yammacin yau kawai, Asabar ɗin nan kawai. Duk ranar da ka ji wannan kalma ta fito daga bakinka kana magana da iyalinka, ka tsaya ka dubi abin da ke hannunka, na wane ne.

Na biyu ya fi wannan. Na san filin nan kamar tafin hannuna. Na san rami na uku yana gangarawa wajen gawo, na san na bakwai yashinsa ya fi nauyi in an yi raɓa. Amma wata la'asar na dawo da jaka a kafaɗa, sai Rifkatu ta leƙo ta kan zana ta ce, "Baban yaro, ka ga haƙoran?"

Na ce, "Waɗanne haƙora?"

Ta riƙe haɓa. "Kai, maza! Yau mako guda yaron nan yana cizon uwarsa, har ni ya ciza. Kai a wane gari kake kwana?"

Na yi dariya, ita ma ta yi. Innarka kuwa tana bakin murhu, ba ta yi ba. Na ɗauke ka na buɗe bakinka, ga su nan biyu a ƙasa, farare kamar tsabar shinkafa. Ni da ake yabo da ido, ni da nake gane karkatar ƙasa daga taku talatin.

Ka gaji idon nan, na lura. Tun kana yaro kai ne mai fara ganin akuya ta ɗingisa. Ina roƙonka, in ka dawo daga aiki, ka fara amfani da shi a ƙofar ɗaki. Ka dubi Luba irin duban da za ka yi wa ƙasa kafin ka buga: ina ta karkata yau, me ya yi mata nauyi. Mace ba ta faɗin komai da baki, musamman irin namu na nan da aka yi wa tarbiyyar kawaici. Innarka ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ni kuwa na ɗauki shirunta lafiya ce.

Yanzu ga na ukun, wanda ya kai ni kan gaɓar nan.

A shekarar kurkunu ya kama kakanka a ƙafa, 'ya'yansa maza kuwa ƙanana ne, ga shinkafa ta nuna. Ni da bakina na ce zan kira masa gayya. Ba wanda ya tilasta ni, so nake a ce surukin Arzika na birni ya yi abin kirki. Na je Gulma na bi gida-gida da goro, na sa ranar Asabar, na kira makaɗi. Har Bulus ya ce zai je. Na ce, "Kai da ba ka taɓa shiga fadama ba?" Ya ce, "Mu a kan dutse acca muke yanka, amma ai lauje lauje ne, maƙwabci." Innarka ta yi gaba tun Alhamis, da kai a baya, don ta taya matan gidan daka da girki. Ni da Bulus muka shirya mu bi motar Juma'a.

Juma'a da safe ina jan buhu, sai ga babban jami'in da nake koya wa wasa. Ya ce gobe da sassafe baƙo zai zo daga Sakkwato, mutum mai cika baki, ya ce Birnin Kebbi ba a iya komai sai su. "Malam Garba, kai za ka tsaya tare da ni. Kada a kunyata mu a gida."

Na buɗe baki zan ce ina da gayya. Akwai mutum uku tare da shi, duk da takalma masu ƙyalli. Sai na ji ba zan iya cewa a gabansu zan je in shiga laka in yanki shinkafa ba. Wannan shi ne gaskiyar abin, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ba mantawa na yi ba, ba kuma tsoron a kore ni ba ne. Kunyar laka na ji. Na ce, "To, ranka ya daɗe."

A raina na tsara komai: ramuka tara, a gama da hantsi, in kama motar Argungu, kafin azahar ina cikin gona, ko ƙarshen aikin ne in samu. Na raka Bulus tasha na ce masa, "Ka yi gaba. Ka ce musu ina zuwa." Ya dube ni, ya hau mota.

Muka buga, muka ci. Baƙon ya ce sai an sake. Na dubi rana, na ce a raina da saura. Muka sake tara, muka sake ci. Aka zauna a inuwa, aka ba ni lemo a kofin gilashi, ana dafa kafaɗata. Da na tashi, inuwata ta riga ta juya gabas. Motar yamma na samu, na isa Argungu da magariba. Da na so, da na ƙarasa Gulma a ranar. Kunya ta hana ni. Na kwana a zauren wani masani, da asuba na gangara bakin gulbi.

Mai jirgin da ya fitar da ni, Ɗantani, ya tambaye ni, "Baƙo, ina za ka da sassahe haka?"

Na ce, "Gulma, gonar Baba Arzika."

Ya dubi fuskata, ya dubi farin takalmina, ya daina tuƙi. "Af! Kai na surukin? Bawan Allah, jiya makaɗi ya kira ka har muryatai ta dishe. Sau ukku yana kirarin mai gayya, ba wanda ya amsa. Daga baya sai yac ce a duba gulbi, halama kada ya ɗauke shi."

Shi ya ba ni sauran labarin kafin mu kai gaɓa. Ka san yadda ake gayyar yanka a can: maza su jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa da zirinsa, mai gayya a tsakiya, shi ne mai fara sa lauje. Sun jira har rana ta ɗaga. Bulus ya ce na ce ina zuwa. Sai suka bar mini gurbina a tsakiya, suka fara. Suna tafiya gurbin yana bin su, har suka fita ɗaya gefen. Da samari suka juyo za su share shi, kakanka daga inda yake zaune ya ce, "Ku bar mashi. Yac ce shina zuwa."

Hanyar masu zuwa gulbi da masu zuwa kasuwa ta kan gaɓar nan ta bi. In rana ta fito, duk Gulma za ta wuce ta ga zirin, wanda bai sani ba ya tambaya na wane ne. Shi ya sa innarka ta saci jiki bayan sallar asuba, ta ɗauki laujen ubanta, ita da ba ta taɓa yankan shinkafa ba tunda aka ɗaura mata aure. Ba shinkafar take ceto ba. Sunana take yankewa daga bakin mutane.

Na sauka cikin lakar. Ta ji motsi ta ɗago, ta gan ni. Ta yi kusan rabi, hannunta na hagu duk ƙaiƙayi ya yayyanka. Na miƙa hannu in karɓi laujen. Ta ce, a hankali, ba faɗa ba, "Bari, Malam, saura kaɗan. Kar ka ɓata takalminka."

Ɗana, an zage ni a duniya, an taɓa mari na ina yaro a gaban kasuwa. Ba abin da ya taɓa shiga ni kamar wannan.

Sai muka ji murya daga gaɓa. Kakanka ne, yana dogara sanda, Bulus na riƙe da shi. Ashe sun ga fitarta sun biyo ta. Ya ce, "Kulu, ba shi laujen. Shi munka bar ma, ba ke ba."

Ta ba ni. Bulus ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna mini, duk sun yi kanta sun fashe. Ya ce, "Maƙwabci, ka dai ci wasan ko? Don in ba ka ci ba, wallahi asarar ta yi yawa."

Na duƙa na fara yanka. Shinkafar ta wuce lokacinta, ga tsuntsaye sun yi ta'adi, ina kama zangarniya tana zuba cikin ruwa. Kakanka ya zauna a gaɓa yana kallo har na fita ɗaya gefen. Mutane suka fara wucewa, suna gaishe shi, suna duba na. Na ɗaure dami na kawo gabansa na durƙusa. Ya ɗaga damin ya ji rashin nauyinsa, ya ajiye. Ya ce, "Ka gani, ɗan nan? Ba ta yi maka gardama ba, ta tsaya ta jira ka. Amma tana jira tana zuba." Bai dubi 'yarsa ba da ya faɗi haka. Ni na dube ta.

Kada ka zaci daga nan na yi hankali. Akwai kuskure na huɗu, na masu tuba da zafi. Na dawo Birnin Kebbi na rantse na bar golf har abada. Na rataye jaka. In je in ja buhu, in dawo gida in zauna a tabarma kamar wanda aka yi wa mutuwa. Wata biyu ina haka, kaza ta gifta in yi tsaki, ka yi kuka in yi tsaki. A ganina horo nake yi wa kaina, ashe ita nake horarwa. Rannan ta ajiye tsintsiya ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, tashi ka tai hilinka. Jikinka na nan, idonka na awon tsakar gida yana bidar inda ƙwallo za ta gangara. Ni ban ce ka bari ba. Cewa niy yi, in ka ce kana zuwa, ka zo."

Ranar muka zauna muka raba kwanakin, kuma ita ta zaɓa, ba ni ba: Laraba da Asabar da la'asar nawa ne, in dawo kafin magariba. Daga ranar da shinkafa ta sunkuyar da kai har ta shiga rumbu, jaka tana rataye. Da shekara ta zagayo, jami'in nan ya sake nema na a irin wannan lokaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan je Gulma yankan shinkafar surukina." Ka san abin da ya ce? "Madalla. Ka gaishe su, ka taho mana da sabuwa." Shi ke nan. Abin da na ji wa kunya har na tozarta gidan mutane, ko nauyin kara bai kai ba. Shi ma ɗan manomi ne.

Kakanka har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba. Kowace kaka sai ya miƙo mini lauje ya tsayar da ni a tsakiya. Amma har gobe a Gulma ana kiran wannan sashen gonar "zirin Garba." Yaran da ba su san ni ba suna faɗa. In na ji, har yanzu sai na dubi ƙasa.

Sandunan na ba ka. Suna zaure, ka ɗauka gobe in za ku fita. Ka buga, wasa ne mai koya haƙuri, kuma ban hana ka sanin manya ba. A cikin jakar za ka tarar da sanduna bakwai da lauje ɗaya. Shi ne na ranar, na roƙe shi wurin kakanka. Kada ka cire shi, ko abokan wasanka sun yi dariya. In sun tambaya, ka gaya musu kai jikan masu fadama ne.

Luba za ta garin da ba ta san kowa ba. Kai kana da ofis, kana da fili, kana da masu kiran sunanka. Ita ɗaki take da shi da ƙarar takunka. Babu Rifkatu a bayan zana, babu gidan ubanta kusa. Ka bar ta ta zaɓi kwanakin. In babba ya neme ka a ranar da ba taka ba, ka faɗa masa gaskiya a gaban ko su wane ne. Kuma kada ka ƙara ce mata "ina zuwa" sai ƙafarka ta riga ta ɗaga.

Allah Ya tsare mini ku a tafiya da zama, Ya sa albarka a aikinka da aurenka, Ya rufa muku asiri, Ya sa kada iyalinka ta taɓa duƙawa tana rufe maka abin da ka bari. Amin summa amin.

Mahaifinka, Garba mai gyaran fili, Nasarawa, Birnin Kebbi.

Saura abu ɗaya. Kada ka ce tsoho ya ƙara gishiri don ya tsorata ka, abin nan da shaidu. Kakanka ya gani, Allah Ya jiƙansa. Ɗantani mai jirgi ya gani, don bai juya jirginsa ba sai da na gama. Bulus yana nan da ransa, ka biya ka yi masa sallama kafin ku tafi, zai ba ka labarin yana dariya har da hawaye. Innarka kuwa kada ka tambaye ta, za ta ce ta manta, ba ta manta ba. Na biyar ɗin kai ne. Idonka biyu a bayanta, kuncinka a kafaɗarta, duk duƙawar da ta yi da kai ta yi. Da ka gan ni tsaye cikin laka da farin takalmi, ka buɗe baki ka yi mini dariya da haƙoran nan naka biyu.